Zoɓon Kano da Balangun Jos

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, wata ƙawata da ke aure a Jos ta gayyace mu cin abincin dare, ni da ƙanwata. Abinci na masu gida ne, abin sha na baƙi, a zauna a tsakar gida a ɗanɗana a ji wanne ke tafiya da wanne. Mutum goma sha biyu aka shirya wa. Ni aka ɗora wa zoɓo da tsamiya da aya, tunda su ne sana'ata a gidajen biki.

A bushe na ɗauki kayan, kuma duk mai irin wannan tafiya haka ya kamata ya yi. Kunun aya ba ya jure zaman mota a bazara, kafin a kai rabin hanya ya fara tsami, jarka ta kumbura. A Kasuwar Rimi na yi sayayya. Zoɓon da za a sha da nama, a nemi mai duhu wanda furensa bai farfashe ba, in an matsa shi a hannu ya yi ƙaras, in an sansana ba a jin warin rima. Wanda ya koɗe ya yi fari-fari ya sha rana da ƙura, launi zai bayar amma ba ɗanɗano. Aya kuwa busasshiya na auna, ƙanana masu ruwan ƙasa, don sun fi manyan zaƙi da gardi, sai dai suna son dogon jiƙo. Tsamiya a duba ta ciki, in akwai ɗan gari a gindin kwano to ƙwari sun riga ka.

Daga tashar Unguwa Uku muka tashi da sassafe a Sharon. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, don haka a tambaya ana gobe tafiya, kuma a yi cinikin kuɗin kaya kafin a ɗaure buhu a but, ba bayan an ɗaure ba. Mun biya kujera uku mu biyu saboda kada a matse mu, kuma kuɗin bai tafi a banza ba, domin tafiya ce ta kusan kilomita 300 da ke cin awa biyar zuwa shida. Titin Zariya har Kwanar Dangora ba abin faɗa. Daga nan aka karya hagu zuwa Tudun Wada, aka shiga Dajin Falgore, inda hira ta ɗauke a motar, kowa ya zuba wa hanya ido. Akwai shingayen jami'an tsaro a bakin dajin da cikinsa. Direba ya riga ya gargaɗe mu: a sauke gilashi, a ajiye waya, wanda ba a tambaya ba kada ya amsa. A ɗaya daga cikin shingayen aka buɗe but, jami'in ya dafa buhuna ya ce, "Hajiya, mene ne a nan?" Na ce, "Zoɓo ne da aya, Yallaɓai." Ya kwance bakin ya duba, ya ɗaure da kansa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Saminaka aka tsaya salla da cin abinci. Ƙasar masara ce, ko'ina ana sharar gona ana jiran ruwa. Bayan Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka fito wani kan wani, gonaki kewaye da shingen ƙerana maimakon dannin kara irin namu. A nan iska ta canza. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa a watan da Kano ke ƙuna, rana a can ba ta cika wuce digiri 30 da 'yan kai ba, dare kuma sai an nemi mayafi. Ta Farin Gada muka shiga gari, hadari ya haɗu a gabas, abin da mu a gida sai nan da wata guda ko fiye za mu fara gani sosai.

Masauki muka kama a wani ƙaramin gidan baƙi. Ɗaki mai fanka ya fi mai na'urar sanyaya ɗaki araha nesa ba kusa ba, kuma ko fankar ba mu kunna ba. Abin da za a tambaya a Jos shi ne bargo da ruwan zafi na wanka. Zirga-zirga cikin gari a Keke Napep ake yi. A daren na wanke aya, na tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, na jiƙa kofi 3 a bokiti. Tana bukatar awa 12 ko fiye, a canza ruwan sau ɗaya, in ba haka ba jiƙon kansa ya fara wari.

Da safe muka koma kasuwar Farin Gada. Wanda ya saba sayen kabeji ƙwaya ɗaya a Kano zai tsaya kallo: kabeji tsibi-tsibi, karas da ƙasarsa, latas, kokwamba, koren wake, koren tattasai, ga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu buhu-buhu ana lodi zuwa kudu. Abin da muka kashe a kayan lambu bai kai abin da za mu kashe a gida ba, kuma duk na ranar ne. Sitiroberi muka samu a hannun wata mata mai tire, ta ce daga wajen Vom ake kawowa, kakarsa ta zo ƙarshe don ruwan sama yana lalata shi. Ta koya mana dubawa: a ɗaga robar a kalli ƙasanta, in akwai jan ruwa to na ƙasan sun mutu. Kada kuma a wanke shi sai za a ci. Daga nan muka ratsa Terminus, gefen babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, muka nufi Rayfield inda gidan yake, unguwar da ke da tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa.

Da zoɓo na fara don shi ne ke son lokacin hucewa. Kofi 3 na busasshen fure ga lita 3 na ruwa. A ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da hanzari, don fitar da yashi kawai. In aka bar shi ya jiƙa, rabin launin ya bi ruwan wanki. A tafasa ruwan da ɗanyar citta kamar babban yatsa biyu, a daddaka ta, da kanumfari ƙwaya 6 zuwa 8. In ya tafasa a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe. Yawancin masu sayarwa dafa shi suke yi har rabin awa a kan wuta, kuma daga nan ne ɗacin nan da ake binnewa da sukari yake fitowa. A Kano minti 30 a rufe ya isa. A Jos na ba shi 40, domin a wannan tsayin ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 96, kuma tukunya tana saurin hucewa. Tukunyar ta zama ta sitil, don tsamin zoɓo yana cin dalma, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Kanwa kuma kada ta kusance shi. Tana kashe tsamin, ta mayar da jan ya koma baƙi-baƙi, alhali tsamin nan shi muke nema.

Na raba shi biyu. Rabi na farko cokalin cin abinci 3 na sukari kawai ga kowace lita, ba abarba, ba garin ɗanɗano na leda. Rabi na biyu na ninka sukarin, na markaɗa sitiroberi cikin hannu biyu na tace a ciki. Ƙawata ta ɗanɗana na farkon ta yamutsa fuska ta ce, "Yaya, wannan ai ba wanda zai sha." Na ce ta bari sai nama ya sauka.

Tsamiya cikin hannu biyu na jiƙa a lita 2 na ruwan ɗumi minti 40, na murje, na tace sau biyu, na biyun da kyalle, na saka mazarƙwaila kaɗan da masoro ɗan mitsitsi. Mazarƙwaila ta fi farin sukari dacewa da tsamiya saboda ƙamshin rake da take da shi. Kunun aya shi ne na ƙarshe, awa uku kafin a zauna: jiƙaƙƙiyar ayar, dabino 12 da aka cire wa ƙwallo, rabin kwakwa, lita 2 na ruwan sanyi. In inji za a kai, a tsaya a kai har a wanke shi, domin tattasan wanda ya riga ka zai fito a kunun ɓaro-ɓaro. A tace da kyalle mai laushi, a kai sanyi nan take. Ba a ɗora shi a wuta, sitacin da ke ciki zai sa ya yi kauri ya zama wani abu daban. Farin da ke kwanciya a ƙasan jarka ba lalacewa ba ce, girgizawa ake yi kafin a zuba. Ƙanwata ta haɗa na lemun tsami, guda 8 ga lita 2, da na'a-na'a da yankan kokwamba, dab da magariba, don ruwan lemun tsami in ya daɗe a matse ɗaci yake yi. Wani abokin maigidan ya zo da kindirmo daga rugar Fulani, wani kuma da kwalabe biyu na ruwan inabi marar giya.

Ƙanƙara ba mu saka a cikin ko ɗaya ba. Narkewa take yi ta tsinke abin sha, kofin farko da na ƙarshe su zama ba iri ɗaya ba. Jarkokin muka jera a kula, aka zuba ƙanƙara da ruwa, minti 40 ya ishe su. Zoɓon nama kuma na fitar da shi minti 10 kafin lokacinsa, saboda sanyi mai yawa yana rufe ƙamshi ya ƙara fito da bauri. Kofuna ƙanana muka nema, kowa a zuba masa abin da bai wuce kurɓa uku ko huɗu ba, ga ruwa da gurasa a tsakiya don goge baki tsakanin wannan da wancan.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi biyu kusa da juna, ta maza da ta mata. Musulmi da Kirista ne a wurin, Hausa ce ta haɗa kowa, kuma tun farko an yi magana ba giya a zaman. Cikin maƙwabta akwai wata dattijuwa 'yar Birom da ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin otal a Abuja, kowa Mama yake ce mata, ita ce ta tsara abin da zai riga wani fitowa: mai sauƙi kafin mai nauyi, marar zaƙi kafin mai zaƙi. Dalilinta shi ne harshen da ya riga ya sha sukari, duk abin da ya biyo baya tsami zai ji shi.

An buɗe da haɗin latas da kokwamba da soyayyen dankali, da ruwan lemun tsami. Ba gardama a nan, tsamin yana wanke man suya. Ruwan inabin kwalba ma ya yi daidai da dankalin saboda iskar gas ɗinsa da gishirin dankalin, amma zaƙinsa ya yi yawa ga duk abin da ya biyo baya, aka ture shi gefe.

Sai gasasshiyar karfasa. Mama ta sa aka zuba wa kowa tsamiya da zoɓo a kofi biyu, ta ce a gwada duka. Da tsamiya kifin ya fito fes, zaƙin namansa ya bayyana, kamar an ƙara masa lemun tsami. Da zoɓo kuwa kifin ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage a baki ƙarni ne da bauri. Wani daga tabarmar maza ya ce, "Mama, me ya kawo haka?" Ta ce, "Ɗana, dokar da ake bi a otal ke nan da giyar inabi. Farar giyar da kifi, jar kuma da jan nama. Ita jar da ɓawon inabin ake jiƙa ta, daga ɓawon nan take samun launi da bauri. Fara kuma ruwan kawai ake tatsa. Zoɓonku shi ne ja, tsamiya ita ce fara." Bayanin ya yi daidai da abin da na sani a aikina. Bauri, wato damƙewar da baki ke yi in an ci ayabar da ba ta nuna ba, yana faruwa ne don sinadarin yana kama yawun baki ya rage masa santsi. In akwai kitse da nama mai ƙarfi a baki, su yake kamawa, ya lafa. Kifi ba shi da wannan nauyin, don haka baurin ya rasa abokin kokawa sai harshenka.

Abin da ya fi ba ni mamaki gwaten acca ne. A Kano mun san faten tsaki, amma wannan da acca aka yi, ƙwayar nan mai ƙanƙanta da ake nomawa a tudun Filato, aka dafa ta ruwa-ruwa da yakuwa da alayyafo da gauta da ɗan ƙashin nama. Da yawa hannunsu zoɓo ya nufa, kuma bai yi ba. Yakuwa ai ganyen zoɓo ce, shuka ɗaya ce, ka ga tsami ya hau kan tsami, ga ɗacin gauta a kai, har haƙora suka fara mutuwa. Tsamiya ma haka. Kunun aya ne ya zauna da gwaten daram: gardinsa da ɗan zaƙin dabino suka tare tsamin yakuwa, ɗacin gauta ya koma daɗi. Masa ma da aka kawo kaɗan da miyar taushe ta bi wannan layin, tunda ƙullunta ya kwana ya yi tsaminsa, kunun aya ya fi karɓarta.

Farfesun kayan ciki ya zo da attaruhu ba na wasa ba. A nan ne mutane ke cutar kansu da ruwan sanyi ko lemun kwalba. Abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, don haka ruwa yaɗa shi kawai yake yi a baki, gas kuma ya ƙara masa kaifi. Duk abin sha mai citta da yawa shi ma wuta yake ƙarawa. Kindirmon muka dama, kashi biyu nasa kashi ɗaya ruwa, da ɗan gishiri ba sukari, kurɓa ɗaya ta kwantar da zafin. Kunun aya ya biyo shi a baya, don shi ma yana da mai. An so a dama fura a ciki, Mama ta hana, kuma ina bayanta: fura abinci ce mai zaman kanta, wanda ya sha ludayi biyar ya gama cin abincin dare. Ƙanwata ta kawo shawarar yanka abarba a sauran kindirmon, nan ma aka dakatar da ita, domin ɗanyar abarba in ta zauna cikin nono ɗaci take sa shi.

Balangun rago ya iso a takardarsa da zafinsa, da albasa da yajin ƙuli, kitse yana naso. Ba a bar shi ya jira ba, don a iskar Jos kitsen rago yana daskarewa tun kana kallonsa, ya manne a dasashi. Aka zuba zoɓon nan marar zaƙi. Ga yadda ake yi: a ci yanka ɗaya mai kitse, a tauna sosai, a haɗiye, sannan a kurɓa a riƙe shi a baki kaɗan. Maiƙon da ya lulluɓe harshe sai ya tafi, baurin ya lafa, wani zaƙi na 'ya'yan itace da ba a ji a zoɓon shi kaɗai ba ya fito, kanumfarin ya haɗu da hayaƙin gashi. Yanka na gaba sai ya zama kamar na farko. Ƙawata ta miƙo kofinta a karo na biyu ba ta ce komai ba. Don a tabbatar, an gwada mai sukarin da balangun, ya yi nauyi, mutum ya ƙoshi a yanka na uku. Da tsire kuma, saboda ƙuli-ƙulin da ke jikinsa da barkono, zoɓon ya so ƙarin sukari kaɗan, kamar cokali ɗaya a lita. Kilishi ya fi son kunun aya, don ba shi da kitsen da zai tare bauri, ga yaji. Wata mai juna biyu a cikinmu ba ta sha zoɓon ba, haka wani mai shan maganin hawan jini ya tsaya a kofi ɗaya, tunda zoɓo ma yana rage hawan jini. Masu gida sun kyauta da suka tambaya tun kafin a zuba.

Na ƙarshe sitiroberi da cincin, da zoɓo mai zaƙi. Ƙa'idar a nan ita ce abin sha ya fi abin da ake ci zaƙi, ko su yi kai ɗaya. Wanda ya rage da mai ƙarancin sukarin a kofinsa ya haɗa da cincin ya ji shi kamar ruwan tsami. Wajen ƙarfe goma iska ta taso da sanyi har mata suka ja mayafi, kula ta koma ba mai kallonta, maigidan ya ɗora shayi da citta da kanumfari da na'a-na'a. A Kano a watan Afrilu da ƙanƙara za a nema har a tashi. Mai shirya irin wannan zama a Jos ya rage abin sanyi da kashi ɗaya cikin uku, ya tanadi na zafi. Lita 3 na zoɓo ya ƙare tas, lemun tsami da tsamiya kuma kowanne ya yi saura. Kunun ayan da ya rage ba mu bar shi ya kwana ba, tunda ba tabbas wuta za ta kai safe, aka raba wa yaran maƙwabta a daren.

Komawa muka yi sammako daga tashar Bauchi Road don a ratsa Falgore da rana tsaka. Tsarabar da ke jure hanya ita ce dankali da acca da karas da kabeji. Latas yana yaushi kafin Tudun Wada. Sitiroberi in har za a ɗauka, sai a kula, a jera shi a faffaɗar roba kada wani ya hau wani, ƙanƙara a ƙasa da kyalle a tsakani, kuma a cinye shi a ranar da aka isa.